Taku Goma Sha Biyu a Ƙofar Gidanmu

Benijara, Tenerife
6 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga ƙanena Fulgencio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Maigualida da abin da ke cikinta. Kafin ka ci gaba, nemi wuri ka zauna: Mama tana nan da ranta, kuma ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Da wannan na fara don na san halinka, kana ganin rubutuna a bayan ambulan za ka ɗauka mutuwa aka yi.

Shekaranjiya Litinin ta faɗo daga matakalar tsakar gida, tun daga ta huɗu har ƙasa. Ina can otal ina fama da gugar zannuwan gado aka ce Doña Sixta maƙwabciyarmu tana nemana a waya. Ban san yadda na hawo daga bakin teku ba. Na iske Mama zaune a asibiti, goshi ya kumbura kamar ƙwan agwagwa, tana yi wa nas faɗa wai ta ɗaura mata bandeji a karkace. Ina jin faɗan nan sai na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Na ce a raina tunda bakin yana aiki, da sauranta.

To amma likita bai sallame mu nan take ba. Ya tsaya gabanta ya ɗaga hannu ya ce, "Doña Otilia, yatsu nawa ne nan?" Ta ce, "Ni ka mayar 'yar makaranta?" Ya sake tambaya. Ta ce uku. Fulgencio, hannunsa a dunƙule yake, ko yatsa ɗaya bai miƙe ba.

Ya ce ciwon yana can bayan ido, aikin tiyata ba ya gyara shi. Tana ganin haske da inuwa ta gefe, amma tsakiya ta tafi, launi ma ya tafi. Ya ce abin ya kai shekara biyu. Shekara biyu! Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci, ni kuma kamar jaka ban lura ba. Ashe ta haddace gidan ne da ƙafa, ta san taku nawa ne daga gado zuwa murhu. Ni na jawo faɗuwar ma, da na matsar da tukunyar fure a kan matakala don in yi shara. Wannan yana cina.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Jiya Don Anselmo, shugaban kwamitin bikin Corpus na cocinmu, ya zo dubiya da kwandon lemo. Ya yi ta juya hularsa a hannu, daga ƙarshe ya tambaya ko bana za mu yi shimfiɗar furenmu ta kan titi, wadda jerin gwanon coci ke takawa. Ka san ƙa'ida. Wanda sunansa ke cikin rajista shi zai zuba hannun farko na ganye da kansa a kan titi da safiyar biki, a gaban kwamiti. Gidan da ya tsallake shekara ɗaya ya rasa wurinsa, a ba na gaba a layi, kuma akwai gidajen da suka shekara ashirin suna jira. Na ce a mayar da sunan kaina mana. Ya ce ba a canja suna sai ranar biki bayan an taka shimfiɗa, da bakin mai sunan, ko kuma in mutuwa ta zo. Tun rasuwar Papa sunan Mama ne a ciki.

Mama tana jinmu daga ɗaki. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Anselmo, ba wa wanda ka ga dama. Ba zan fito a ja ni da hannu kamar akuya gari yana kallona ba." Tun lokacin ta rufe tagar katako, ba ta fitowa sai wanka.

Gaskiyata zan gaya maka, ni na ce a bar musu. Taku goma sha biyu ne na titi, daga ƙofarmu zuwa kwanar mai burodi. Na san tun zamanin Kaka Lázaro namu ne, amma wa zai yi? Ban iya zane ba, ban taɓa gasa ganyen brezo, itacen nan na kan dutse da ake cika zanen da shi, ba, kullum aikina tsinke fure ne a kwando. Ga shi ranar bikin namu, tara ga Yuni, mako guda bayan Corpus na ko'ina, hutun Benijara ne kawai, ba na garin da otal yake ba. Ranar ma aikinmu ya fi yawa, don mota uku ake cikawa da baƙi a hawo da su kallon shimfiɗun.

Ka gaishe da Maigualida, ka ce ta rage ɗaukar kaya. Kada ka tayar da hankalinka, mun gode wa Allah da abin ya tsaya a goshi.

Yayarka,
Herminia

La Guaira, Venezuela
21 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta iso ni a shago, ina tsakiyar rubuta allon wani mai sayar da kifi. Na bi umarninki na zauna. Layin farko na karanta sau uku kafin na ci gaba. Allah ya saka miki da alheri da kika fara da inda kika fara. Maganar tukunyar fure kuma ki cire ta daga ranki, ba laifinki ba ne.

Yaya, akwai abin da zan faɗa miki, ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga takardar. Na san da maganar idon Mama. Tun bara waccan na sani.

Ta sa Doña Sixta ta rubuto mini a ɓoye, ta ce ba ta iya ganin layin fensir, in zana mata shimfiɗar shekarar in aiko. Ta sa na rantse da kabarin Papa ba zan gaya miki ba, wai aikin otal ya ishe ki, kuma in kin sani za ki hana ta ko ɗaukar tsintsiya. Sai na riƙa zanawa a takarda mai kauri, in bi kowane layi da allura ina hudawa, don ta bi da yatsa ta ji siffar. Ina aikawa gidan Doña Sixta. Kurciyar da kika aiko mini hotonta bara, kika ce hannun Mama bai tsufa ba, a kan teburin nan nawa aka haife ta. Na ji kunya ranar, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Shekara goma sha bakwai rabona da titin nan, sai ga hannuna a kansa.

Ina roƙonki kada ki ba Don Anselmo amsa tukuna. Ba don titin kaɗai ba. Ke kin fi ni sanin Mama: shekararta daga Corpus take farawa, a Corpus take ƙarewa. In aka karɓe wurin nan alhali tana kulle a ɗaki, ina tsoron ba za ta sake buɗe tagar ba.

Da zan iya zuwa da na taho. Likita ya ce Maigualida za ta sauka a tsakiyar Yuni, kuma bayan abin da ya same mu a cikinta na baya ba zan iya barinta ita kaɗai ba.

Ga zanen bana nan na haɗo a ciki, an huda shi kamar kullum: zangarniyar alkama biyu da kurciya a tsakiya. Wannan karon gidanmu na aiko, da sunanki a kai. Ki yi mini faɗa yadda kike so, na cancanta.

Ki gaishe mini da Mama, ki sumbaci goshin a madadina.

Ƙanenki mai biyayya,
Fulgencio

Benijara
6 ga Mayu, 1988

Fulgencio,

Na so in fara ba gaisuwa, amma uwarmu ɗaya kuma ba haka ta koya mana ba. To, ina gaisuwa.

Kai, amma kun iya munafunci! Kai a wancan gefen teku, Sixta a wancan gefen katanga, ni a tsakiya ina tafa wa kurciya. Na kwana biyu ba na iya kallon takardarka. Na je na buga wa Sixta ƙofa da ita a hannu, tana buɗewa ta ga fuskata sai ta ce, "Herminia, shigo ki sha kofi kafin ki kashe ni." Yaya za ka yi da irin wannan mata? Na sha kofin. Har da biskit.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayan fushin ya sauka sai na ji wani sauƙi. Ina ta zargin kaina cewa ni ce ban kula da uwata ba. Ashe mutum uku ne suka haɗa kai suna rufe mini ido. Ko ɗan sanda ne sai ya sha wuya.

Zanen ya yi kyau, kada kanka ya kumbura. Na tura shi ta ƙarƙashin ƙofar Mama. Na tsaya ina saurare, na ji takarda tana ta motsi har na fara sa rai. Can sai ga shi ya dawo ta inda ya shiga. Ta ce, "Gaya wa ɗan'uwanki wutsiyar kurciyar ta yi tsawo. Kuma na ce a ba Anselmo wurin." Ka ji, ta bi shi da yatsa har wutsiya, amma wai ba ta so.

Na roƙe ta, na yi kuka, na yi faɗa. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya zauna bakin ƙofa ya yi mata wa'azi a kan haƙuri, ta ce ya je ya duba miyarsa. Abinci ba ta ci sai gofio, garin gasasshen hatsi, da madara. Ta rame, Fulgencio, rigar barcinta tana yawo a jikinta. Abin da ke cinta ba makantar ba ce, sanin da gari ya yi ne. Ta ce shekara hamsin mutane suna tsayawa a ƙofarmu suna cewa "ga idon Otilia", yanzu za su tsaya su ce "Allah sarki."

Labari mai daɗi ɗaya ne. Na je wurin manaja neman tara ga wata, ya buɗe kalanda ya nuna mini da biro cewa ranar ba ja ba ce, wato ba ta hutu ba, a nan bakin teku. Na ce a garinmu ja ce. Ya ce to otal ba a garinku yake ba. Na fito ina huci. Sai Basilia, wadda muke guga tare, ta ja ni gefe ta ce, "Ke dai kin cika wauta, wa ya ce miki wurin manaja ake neman ranar waliyyi? Ni namu a Agusta yake. Ki tsaya mini ranar, in tsaya miki taki." Ashe haka duk ma'aikatan ke yi, kowa da garinsa da ranarsa, ana musanya a ɗakin wanki. Shekara tara ina aikin nan ban taɓa nema ba, don Mama ce ke yin komai, ni sai in iso da yamma in ga ƙarshe. Na rungume Basilia har ta kusa ƙona rigar matashin kai.

To ga rana na samu, ga zane. Don Anselmo ya ce zai riƙe mana wurin har safiyar biki, daga nan kuma babu yadda zai yi. Mai sunan ce dai babu. In kana da wata dabara, tunda na ga ka ƙware, aiko ta da sauri.

Yayarka da ba ta gama huce ba,
Herminia

La Guaira
19 ga Mayu, 1988

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki, kuma na gode da faɗan, ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Ina rubutu a gaggauce don wasiƙar ta kama jirgin gobe.

Ki daina roƙonta. Kin tuna shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu, likita ya yi, Fada ya yi, ta ƙi tashi? Ranar da Papa ya shiga kicin ya ce zai dafa dankali da kansa, ya zuba gishiri kamar mai jin tsoronsa, ba ita ce ta fito riƙe da bango ta ƙwace ludayin ba? Mama tana iya jure ciwo, tana iya jure kunya. Abin da ba ta iya jurewa shi ne a ɓata aiki tana ji.

Ki hau dutse ki yanko brezo. Ki kafa kaskon a tsakar gida, daidai ƙarƙashin tagarta. Kada ki ce mata komai. Ki gasa shi, kuma ki gasa shi ba daidai ba.

Na rage wutsiyar, ga sabon zanen nan. Maigualida tana gaishe ku, ƙafafunta sun kumbura amma lafiya lau.

Naki,
Fulgencio

Benijara
3 ga Yuni, 1988

Ƙanena Fulgencio,

Gaisuwa, gaisuwa, gaisuwa! Yau da hannu biyu nake gaishe ka. Ta fito!

Wai "ki gasa shi ba daidai ba." Kai a tunaninka sai na yi da gangan? Bari ka ji.

Lahadi ni da Sixta muka hau dutse muka yanko buhu shida. Kwana biyu muna datsa shi ƙanana har hannuna ya yi kanta. Kore dai ba wuya, ɗanye ake zuba shi. Ruwan ƙasa da baƙi su ne aikin, don wuta ce ke ba da launin, kuma tsakanin wannan da wancan ba nisa. Laraba da hantsi na jawo babban kaskon ƙarfen Papa ƙarƙashin tagar Mama, na hura wuta, na zuba.

Na farko ya zama toka kafin in gama neman muciya. Na biyu rabi kore rabi gawayi. Hayaƙi ya cika gidan, har mai burodi ya leƙo ta kan katanga yana tambaya ko a kira masu kashe gobara. Daga taga kuwa shiru, ko tari babu. Na duba buhunan na ga saura huɗu, na ce a raina dabarar Fulgencio ta kashe mu. Na zuba na uku ina juyawa, idanuna suna ruwa, ban san na hayaƙi ne ko na baƙin ciki ba.

Sai na ji tagar ta buɗe da ƙarfi, har ta bugi bango.

"Sauke! Sauke shi, 'yar banza, ya yi!"

Na ce, "Mama, ai har yanzu kore ne."

Ta ce, "Idonki ne ke gaya miki kore. Ba ki ji ya daina warin ciyawa ya fara ƙanshin ɓawon burodi ba? Sauke, zafin kasko zai ƙarasa shi!"

Na sauke na baza a kan buhu. Fulgencio, ina tsaye ina kallo ya juya ya zama ruwan ƙasa mai kyau, irin na kowace shekara, ko ɗigon baƙi babu. Kafin in ɗago sai ga ta a bakin ƙofa cikin rigar barci, gashi a tsaye, tana laluben bango tana cewa, "Wa ya koya miki hura wuta haka? Naman sa za ki gasa? Buhu nawa kika kashe mini?" Kashe mini, ka ji! Na ce biyu. Ta ce, "Ubanki ma uku ya kashe a shekararsa ta farko. Kawo kujera."

Ta zauna gefen kasko, ni ina juyawa ita tana shaƙa. Ta ce baƙin sai ya yi ƙanshin kofi, amma in ya fara kama maƙogwaro an wuce. Ta ce tun tana da idonta ma ba ta taɓa duba kasko ba, da hanci uwarta ta koya mata. Muka gama duka kafin rana ta karkata. Daga nan ta ce tana jin yunwa. Ta ci dankali bakwai da miyar barkono da kifi, ina ƙirgawa a ɓoye ina gode wa Allah.

Amma ban ce an gama ba. Tsakar gida daban, titi daban. Da na taɓo maganar ranar Alhamis sai ta ce, "Na gasa miki ganye, ban ce zan fita ba." Ban ja da ita ba, na koyi darasi. Na dai bar zanenka a kan tebur. Da safe na same shi a ɗakinta.

Ka yi mana addu'a. Saura kwana shida.

Yayarka,
Herminia

Benijara
11 ga Yuni, 1988

Ƙanena,

Ina gaishe ka da sauran ƙarfin da ya rage mini. Gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa, farcena baƙi ƙirin, amma zuciyata wasai take. Wurin yana nan namu.

Alhamis gari na wayewa titi ya cika, kowane gida a durƙushe a gaban nasa. Ni da Sixta muka ja igiya muka fitar da zanen da alli, muka jera kwanduna. Don Anselmo ya taho daga sama da rajistarsa, gida gida, kowane mai suna yana zuba hannun farko ana rubutawa. Ya zo gida uku kafin namu, Mama ba ta fito ba. Gida biyu. Na leƙa ciki, ƙofar ɗakinta a rufe. Ya iso gabanmu ya tsaya. Bawan Allah sai ya fara neman biro a aljihu, alhali ga shi a bayan kunnensa kowa na gani. Ya laluba na riga, ya laluba na wando, ya sake komawa na riga. Ni kam na riga na sallama, ina tunanin yadda zan rubuto maka.

Sai muka ji ƙarar sakata.

Ta fito cikin baƙar rigarta ta zuwa coci, gashi a gyare tsaf. Na miƙa hannu zan kama ta, ta buge shi. Ta sauko dakalin ita kaɗai, ta tsaya, ta ce da ƙarfi yadda har mai burodi zai ji, "To, ga ni. Ba na gani. Duk mai son cewa Allah sarki ya faɗa yanzu mu wuce wurin, ina da aiki."

Sai Sixta ta ce, "Otilia, rufe mana baki. Duk titin nan mun sani tun bara. Wa kike tsammani ya musanya miki kwandon ja da na ruwan hoda lokacin da kika kusa yi wa kurciya jan kai?"

Mama ta ce, "Na sani sarai ke ce. Warin sabulunki ya riga ki isowa."

Titi ya fashe da dariya, har Don Anselmo sai da ya share ido, kuma nan take ya gano bironsa. Mama ta durƙusa, ta laluba igiya, ta sa hannu a kwando ta shinshina, ta ce wannan baƙi ne, a ba ta ruwan ƙasa. Ta zuba hannun farko a kusurwar ƙofarmu, inda Papa yake farawa. Aka rubuta.

Daga nan ba ta tashi ba sai bayan azahar. Takardarka a cinyarta tana bi da yatsa, ni ina zubawa, tana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi. Kowane kwando sai ya bi ta hancinta kafin ya taɓa ƙasa. Wardi ta san shi da ƙanshi, sauran da taushin ganye. Sau biyu iska ta taso daga teku, muka yayyafa ruwa, bai tashi ba. Baƙin otal ɗinmu suka iso da kyamarorinsu, wata Bajamushiya da nake canja wa zanin gado ta gane ni ta yi ta ɗaukar hoto. Ban san me take faɗa ba, na dai ce mata ta ja ƙafarta daga kan alkama.

Da yamma ƙararrawa ta kaɗa, jerin gwanon ya sauko daga coci. Mama ta tsaya a bakin ƙofa, wannan karon ita ta nemi hannuna ta riƙe. Fada ya zo da masu kyandir da masu kiɗa, suka bi ta kan aikinmu na mako biyu. Ka san yadda brezo gasasshe yake ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ta karkata kai tana saurare, tana matsa hannuna da kowane taku. Da suka wuce ta ce, "Sun taka duka?" Na ce duka, ko gashin kurciya bai rage ba. Ta sauke numfashi ta ce, "Madalla. An karɓa."

Sauran labarin ta ce ba ni zan ba ka ba, ita za ta faɗa da bakinta. Ni dai na yi barcin da rabona da irinsa tun Ista. A Agusta zan yi guga ta mutum biyu ranar waliyyin su Basilia, kuma da waƙa zan yi ta.

Muna jiran labarin Maigualida. Allah ya sauke ta lafiya.

Yayarka,
Herminia

Benijara
24 ga Yuni, 1988

Ɗana Fulgencio,

Ina gaishe ka. Sixta ce ke rubutawa, ni ke faɗa, in ka ga kuskure nata ne.

Saƙon waya ya iso. Barka da samun 'ya, Allah ya raya ta, ka gaishe da uwarta da kyau.

Bayan an taka shimfiɗa na kira Anselmo na ce ya goge sunana ya sa na Herminia. Ta yi ta kuka a gaban mutane kamar an mutu. Na ce ta yi shiru, suna kawai na ba ta, hancin yana nan wurina sai ta koya.

Kurciyarka ta yi kyau, yatsana ya gaya mini. Amma zanenka taku goma sha uku ne. Shekara uku ke nan ina rage maka ɗaya ban faɗa ba. Namu goma sha biyu ne, ka fara mantawa.

Ga ƙulli uku na brezo a cikin ambulan. Rufe idonka ka shinshina, ka rubuto mini wanne ne ɗanye, wanne ruwan ƙasa, wanne baƙi. Kada ka leƙa, zan sani. In ka faɗa daidai, zauna abinka. In ka kasa, to ka daɗe da yawa, ka ɗauko yarinyar nan ku zo Corpus mai zuwa in ji warin kanta.

Mahaifiyarka,
Otilia